Kwalbar Gida da Kwalbar Shago

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da ake kira Mai Sirace. A gidansu ya gaji haɗa maganin ciwon kan nan mai toshe hanci, mai sa goshi nauyi har mutum ya kasa sujada. Citta ce da kanumfari da ganye, a yi sirace, a dafa a sha. Yana aiki, sai dai a hankali.

Shi kuwa suna yake so, a ce nasa sha yanzu magani yanzu ne. Sai ya riƙa daka ƙwayoyin mura na kemis a cikin garin, yana rantsuwa da Allah cewa zallar itace ne. Ya ajiye kwalba biyu: mai tsabta a gida domin iyalinsa, gaurayayya a shago domin 'ya'yan mutane. Su ba iyaye suka haife su ba?

Ran nan da hantsi ciwon ya kama mahaifiyarsa, tsohuwa mai hawan jini, wadda likita ya hana irin ƙwayoyin nan. Kwalbar gida ta ƙare, shi kuma ya fita. Ƙanwarsa ta ɗebo a ta shago, ta dafa mata. Ai maganin Yaya ne, me za a ji tsoro?

Kafin azahar tsohuwa ta faɗi.

A asibiti likita ya tambayi abin da ta sha, ya ce in bai sani ba, lalube zai yi. Ga dangi, ga maƙwabta, rabinsu masu sayen maganinsa ne. Mai Sirace ya iso, ya ji na shago aka ba ta, ya dubi uwarsa.

"Likita, ba itace kaɗai ba ne," in ji shi. "Ni na daka ƙwaya a ciki." Ya faɗi sunan ƙwayar.

Da la'asar tsohuwa ta buɗe ido, ta nemi ruwa. Mai Sirace ya zauna daɓas a ƙasa yana kukan farin ciki.

Shago kam ya mutu. Hukuma ta rufe shi, ko gaisuwarsa ba kowa ke amsawa ba. Yanzu dako yake yi, amma ya ce bai taɓa jin kansa sakayau haka ba, tunda kullum da safe akwai wadda zai durƙusa ya gaisar.

Jama'a, abin da ba za ka ba uwarka ba, kada ka ba uwar wani. Shi an bar masa tasa. Wa ya yi maka alkawarin haka?

Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.