Jangwada da Gwangwanayen Guba

"Daga bakin kwalta har gindin dutse, babu mai Turanci irina! Ni da Turanci tare muka yi rarrafe!"

Jangwada ke nan, ƙadangaren nan mai jan kai. To kun san iyakar bokonsa? Shekara biyu ya yi maƙale a tagar wata firamare yana farautar ƙuda. Abu uku ya tsinto rak: "Gud monin sa," da "Sidan," da "Kif kwayat." Baƙi kuwa ko ɗaya bai sani ba.

A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, yunwa ta shiga dawa. Zaki ya rame, Kura tana tafe tana layi. Ran nan sai wata babbar mota ta sha kwana da gudu a bakin daji, kwalaye suka zubo, direba bai ko waiwaya ba.

Namun daji suka taru. Wasu kwalayen gwangwanaye ne a ciki, wasu kuma fararen dunƙule masu ƙamshi, kowanne da rubutun Turanci a jiki. Ba wanda ya taɓa, don bara Gada ta lashi wani farin gari a gonar mutane, ba ta kai gida ba.

Jangwada ya sulale cikin kwali. Ya tarar da gwangwani ɗaya ya fashe, ya lasa. Madara! Ya lashi farin dunƙule, ya tofar. Sabulu! Nan da nan ya lanƙwasa waya ya yi tabarau, ya kifa murfin kwalba a ka, ya haye kan kwali.

"Kif kwayat! Sidan!"

Kowa ya zauna, har Zaki.

Zaki ya ce, "Malam Jangwada, karanta mana. Wanne ake ci?"

Jangwada ya kafa wa rubutu ido yana gyaɗa kai. "Ranka ya daɗe, Allah ne ya so ku da nake nan. Turanci tagwaye yake haifa. Za ka ga kalma biyu kamar an tsaga kara, amma ɗaya tana cewa ci, ɗaya tana cewa mutu. Jahili ba ya rabe su. Ta jikin fararen nan ta ce abincin sarakuna. Ta jikin gwangwani ta ce guba, lasa ɗaya sai kabari."

Bauna ta ja ɗan maraƙinta baya. "To yaya za mu yi da su, Malam?"

"Ku kai min bakin ramina, Inna. Ni zan riƙa binne su ɗaya-ɗaya. Wahalar mai ilimi ke nan."

Suka yi ta jida suna sa masa albarka. Su suka gwaguyi sabulu, shi ya kwankwaɗi madara har ya kasa juyawa.

Da gari ya waye, daji ya cika da nishi. Zaki ya zo, kumfa na zuba daga bakinsa har gemu.

"Kai Malam! Cikina kuka yake kamar hadari!"

"Gud monin sa! Ai shi ne alamar ya karɓe ka. Da wane ɓari ka tauna?"

"Da dama."

"Kash! Ga wata kalma nan a ƙasa, mai kama da ta sama, sai dai ita da ɗan ƙugiya. Ta sama ta ce tauna. Mai ƙugiyar ta ce tauna da hagu. Ku koma ku sake."

Suka koma suka sake da hagu, sakarkaru.

Da gari ya waye, Kura ta fito tana jan ciki. Kwana biyu tana zarya bayan dutse. Ta wuce kowa, ta nufi ramin Jangwada, ta ɗauko gwangwani guda, ta dire a tsakiyar fili.

"Jama'a, ku yafe ni. Na gaji da abincin sarakuna. Gara in sha gubar nan in huta gaba ɗaya."

Jangwada ya yi tsalle, tabarau ya karkace. "Yaya Kura, kada ki yi! Ajiye! Kif kwayat!"

"Ƙyale ni, Malam. Bauna, ƙashin ƙanenki da aka nema bara, ni na ɗauke. Ki yafe."

Ta datsa haƙori, ƙwas! Ta zuƙe, ta lashe, ta kwanta ta miƙe ƙafafu ta rufe ido. Bauna har ta fara matsar ƙwalla.

Can sai Kura ta buɗe ido ɗaya.

"Ban mutu ba. A ƙaro min guba."

Ta sha na biyu. Ta sha na uku. Ta tashi zaune tana siɗe baki, ta ce tun da uwarta ta yaye ta ba ta ji daɗi irin wannan ba.

Zaki ya miƙe. Ya taka zuwa ramin, ya sa hannu ya tone. Gwangwanaye suka yi ta gangarowa, kwaram-kwaram, duk an huda an lashe tas. Ya juyo ya dubi tumbin Jangwada, ga shi nan tim yana sheƙi, a shekarar da kowa haƙarƙari waje.

"Malam, a cikinka kake binnewa?"

"Ranka ya daɗe, akwai wata kalma ta uku da ban..."

Zaki ya take masa wutsiya, ya tura masa sabulu gaban hanci. "Ga abincin sarakuna. Tauna. Da hagu."

Fili ya ɓarke da ihu. Kura tana dariya har da faɗuwa. Jangwada ya gatsa sau ɗaya, kumfa ta fito masa ta hanci. Sai ya fizge, fit! Ya bar wa Zaki wutsiya tana wutsil-wutsil, Bauna ta bi shi da kofato ta fasa masa goshi, tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma.

Bai tsaya ba sai ƙololuwar kuka. Ya leƙo, ba wutsiya, goshi a kumbure, kumfa a baki, yana gyaɗa kai.

"Jahilai! Irin gubar nan a hankali take ci! Ku jira shekara arba'in, ku ga yadda Kura za ta ƙare!"