Karnukan Mati Ba Sa Cizo

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso, ku bar tsokanar wutar nan.

An yi wani mafarauci a wani gari, sunansa Mati. Gwauro ne, ba mata, ba ɗa, sai karnuka uku: Duna, da Jan-kunne, da Ci-ka-ƙara. Yana da wata rigar farauta, shekara bakwai ba ta ga ruwa ba. In Mati ya taho, kafin idonka ya gan shi hancinka ya riga ya gaishe shi. Ƙudaje ma sai sun yi shawara kafin su sauka a kanta.

Gidan Mati yana bakin lungun da ake bi a tafi gona, kuma lungun ɗaya ne tal. Gidan ba danga, ba ƙyaure, karnukan ba igiya.

To akwai wata yarinya, Tabawa, ba ta fi shekara shida ba. Kullum da hantsi kakarta Yalwa takan dama fura, ta ɗora mata a ka ta kai wa babanta gona.

Ran nan Tabawa ta shigo lungu, tana tafe tana 'yar waƙarta. Sai karnuka suka taso.

"Haf! Haf! Haf! Wa ya ba ki hanya?"

Tabawa ta zura da gudu, ƙwarya ta kife, Ci-ka-ƙara ya lashe furar tas. Babanta ya wuni yana noma da yunwa. Kaka Yalwa ta ɗauki sandarta ta je ta sami Mati kwance a tabarma yana sakace.

Ta ce, "Mati, ka ɗaure karnukanka."

Ya ce, "Haba Iya! Ba sa cizo, wasa suke yi."

Kashegari ma haka. "Haf! Haf! Haf! Wa ya ba ki hanya?" Jan-kunne ya cafki zanenta, ya yage rabi. Ta koma gida tana riƙe da sauran rabin, tana kuka.

"Mati, ka ɗaure karnukanka."

"Haba Iya! Ba sa cizo, wasa suke yi."

Rana ta uku akuyar gidan ta ce, "Yau ni zan raka ki, in ga wanda ya isa." Akuya ta shiga gaba tana taƙama. Ba a daɗe ba ta dawo tana me-e-e, wutsiyarta ta zama guntuwa. Tabawa kuwa ta shige bayan rumbu, ta ce ita ba za ta ƙara bin lungun nan ba. Abin ya ci wa Kaka rai ƙwarai, don ta san yau wutsiyar akuya ce, gobe ba ta san mene ne ba.

"Mati, ka ɗaure karnukanka!"

"Haba Iya! Ba sa cizo..."

"Na ji, na ji, wasa suke yi."

Da Kaka ta dawo gida, akuya ta ce, "Iya, kawo kunnenki. Da suka danne ni na tambaye su, na ce me ya sa ba kwa cizon Mati? Suka ce wane ne kuma Mati? Mu warin rigar nan muka sani. Duk mai wannan warin, shi ne maigida."

Kaka ta yi dariya har haƙorinta guda da ya rage ya yi motsi.

Da sassafe ta koma wurin Mati, wannan karon ba sanda, sai fara'a. Ta ce, "Mati, albishirinka! Akwai wata bazawara a garin nan, ta ce duk mazan duniya ba ta ga kamarka ba. Ta ce ka zo zance yau da la'asar. Sharaɗi ɗaya ne, ka yi wanka."

Mati ya miƙe zumbur. "Wanka? Da ruwa?"

"Da ruwa, har da sabulu."

Ta ba shi sabulun salo da soso, ta aro masa babbar riga da hula, ta haɗa da turare. Mati ya nufi rafi. Ya tuɓe rigar farauta ya rataye a jikin geza, ya faɗa ruwa. Ya cuɗa, ya cuɗa, ya cuɗa, har kifaye suka tattara 'ya'yansu suka yi ƙaura. Yana can yana cuɗa, akuya ta lallaɓo ta kama rigar nan ta cinye ƙurmus, tun daga wuya har aljihu. Ta ce, "Kai, ta ji gishiri!"

Mati ya fito fes. Ya duba geza bai ga riga ba, ya ce oho, ango ba ya rasa riga. Ya biya wurin wanzami aka yi masa ƙwal, ya zuba babbar riga, ya juye kwalbar turare duka. Sai ya tuna ya bar goron zance a ɗaka, ya nufi gida yana tafe yana gyara hannun riga.

Yana shiga lungu karnuka suka taso.

"Haf! Haf! Haf! Wa ya ba ka hanya?"

Mati ya ce, "Kai Duna, ni ne!"

Duna ya ce, "Wane ne ni?"

"Maigidanku mana!"

Jan-kunne ya shinshina, ya yi atishawa. Ya ce, "Ƙarya yake yi. Maigidanmu ba ya ƙamshi."

Ci-ka-ƙara ya ce, "A kama shi!"

Jama'a, ku zo ku ga gudu! Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, babbar riga ta harɗe masa ƙafa. Duna ya yi tsalle ya kafa masa haƙori a cinya. Mati ya ƙwalla ihu, ya fizge, ya ɗare tsamiya kamar biri. Yaran unguwa suka hau katanga suna leƙe.

"Baba Mati, sauko! Ba sa cizo, wasa suke yi!"

"Ku kira manya!"

"Ba sa cizo, wasa suke yi!"

"Don Allah ku kira manya!"

"Wasa suke yi, Baba Mati!"

Can sai ga akuya ta taho da ƙaton ciki. Ta tsaya tsakiyar lungu ta yi wata irin gyatsa, gaaat! Karnuka suka ɗaga hanci. Nan take suka hau kaɗa wutsiya.

"Maigida, sannu da zuwa! Yau ka rage tsawo."

Akuya ta ɗaga kai kamar maigida. Ta juya, suka bi ta zugui-zugui har cikin garken gidan Kaka. Ta fice ta wata 'yar kafa, Kaka ta ja ƙyaure garam.

Mati ya sauko yana ɗingishi. Kaka ta ce ya tsaya nan jikin tsamiya, ta hau wanke masa ciwon da ruwan ɗumi da sabulu, Tabawa na tsaye gefensa riƙe da ƙwarya. Mati ya sunkuyar da kai ya dubi inda haƙoran Duna suka huda. Ya dubi yarinyar. Wurin ya zo daidai da maƙogwaronta.

Yaran kan katanga suka daina tsokana.

Mati ya ce, "Iya, da ita ce fa?"

Kaka ta ce, "Da ita ce, da yanzu zaman makoki muke yi."

Kunya da tsoro suka kama Mati, har ya yi ƙwalla. Ya durƙusa gaban 'yar yarinyar nan ya ce, "Tabawa, ki yafe mini. Suna cizo."

Kafin rana ta faɗi ya kafa danga mai tsawo, ya sa ƙyaure, ya tufka igiya uku. Da ya gama sai ya matso kusa da Kaka ya ce, "To Iya, ita bazawarar fa?"

Kaka ta washe haƙorinta guda. "Ga ni. Amma na fasa, ba na auren mai gudu."

Kashegari da hantsi Tabawa ta bi lungu da ƙwarya a ka, tana 'yar waƙarta. Karnuka na haf-haf a bayan danga, ita kuwa ko waiwaye. Babanta ya buɗe faifai ya tarar da fura cike har baki, ya sha ya ƙoshi.

To kun ji. Duk wanda ya ajiye kare, ɗaure shi aikinsa ne, kada ya jira sai an gwada haƙorin a jikin ɗan wani. Ku kuma in mai kare ya ce muku ba ya cizo, ku gaishe shi daga nesa, ku kira babba ya raka ku.

Ƙurunƙus, kan guntuwar wutsiyar akuya! Kowa ya tashi ya wanke ƙafa, kada a ce jikokin Mati ne.