Wanda Ya Kulle Wa Makafi Waya

An yi wani mutum a Faskari, ba zan faɗi sunansa ba. Allah ya ba shi basira, ya ƙirƙiro wata manhaja ta waya domin makafi. Ka ɗaga waya, ita kuma ta faɗa maka da Hausa abin da ke gabanka: wannan takin zamani ne, wannan maganin hawan jini ne.

Ya shiga kasuwar Sheme da lasifika yana cewa, "Ka biya sau ɗaya, ta zama taka har abada. Wallahi ba ƙari!"

Makafi suka saya, daga Kankara har Sabuwa. Malam Mas'ud, makaho mai sayar da hatsi a Sheme, ya daina jiran maƙwabci ya duba masa canji. Hajiya Lauratu ta Ketare ta riƙa shan magungunanta da kanta, har ta raɗa wa wayar suna Alheri. Kullum addu'a ake yi wa mutumin nan.

Ya 'yan uwa, wanda ya samu wannan, me ya rage masa?

Sai kwaɗayi ya shige shi. Wata safiya Hajiya ta ɗaga waya kan kwalbar magani, sai ta ji, "Sai kin biya kuɗin wata." Ta ce, "Alheri, ke ma?" Ranar ba ta sha magani ba sai da jikarta ta dawo daga gona.

Makafin ba su tsaya kuka ba. Suka cika mota guda, ana raha, suka tafi Katsina wurin masu kare haƙƙin mai saye. Aka kira mutumin. Ya ce shi bai taɓa cewa har abada ba.

Malam Mas'ud ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ido ne ba mu da shi, ba kunne ba." Ya kwaikwayi tallan nan da muryar mai shi, har da tarin da yake yi kafin rantsuwa. Ofis ya kwashe da dariya. Masu ido da suka ji tallan a kasuwa su ma suka ba da shaida.

Aka umarce shi ya buɗe wa kowa wayarsa, ya mayar da abin da ya karɓa. Labari ya bazu, ba wanda ya sake sayen komai a hannunsa. Abokin kasuwancinsa ya janye, motarsa ma ta tafi. Yanzu yana sayar da caja a bakin tasha, yana rage murya kada makafi su gane shi. Suna kuwa gane shi, su gaishe shi da fara'a, su wuce.

Jama'a, neman ladan aiki ba laifi ba ne. Da ya faɗi tun farko cewa wata-wata za a biya, da halal ya ci. Laifinsa shi ne ya sayar, ya rantse, ya dawo ya ƙwace. Abin da ka sayar ya bar hannunka.

Allah ya kiyaye mu daga saɓa alkawari da cin haƙƙin wanda ya amince da mu. Amin.