Rakiya Mai Suna Biyu

Ku matso ku ji, amma kada kowa ya tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

Akwai wata yarinya 'yar Rafin Kuka da ke karatun ungozoma a kwaleji. Sunanta na yanka Rakiya, sunan kakarta ta wajen uba, don haka babu mai iya kama shi a gidan. Ummi ake ce mata. Tana shekara uku gwaggonta Tasalla ta ɗauke ta riƙo. Ranar shiga firamare, mijin gwaggon ya ce a rubuta Ummi Sale, ya liƙa mata sunansa. Haka duk takardun makarantarta suka fito.

Tana aji biyu a kwaleji Sale ya rasu, karatu ya gagara. Har ta ɗaure kayanta, sai ƙawarta Saratu ta ji a rediyo gwamnati za ta ba ɗalibai tallafin karatu. Saratu ta kwance kayan da hannunta, ta ja ta shagon kwamfuta, ta tsaya a kanta har ta cike fom. Tun kafin su fita Saratu ta ce mata, "Ajiye kukan nan sai mun dawo."

Wajen tantancewa jami'in ya jera takardar shaidar asali da ta makaranta. Ɗaya Rakiya Mamuda, da sunan mahaifinta, ɗaya Ummi Sale. Ya ce, "'Yata, ni mutum biyu nake gani. Ki kawo hujja kafin Alhamis, ko sunanki ya fita." Ta kwashi takardunta ta nufi wajen Gwaggo.

Ita Gwaggo Tasalla ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma ba ta taɓa yar da takarda ba, har jikoki na yi mata tsiya. Ta zazzage adakarta, ta wuni tana miƙa wa Rakiya takardu ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa sai ga katin rigakafi na jarirta. Malamar asibiti ta rubuta Rakiya Mamuda, a gefe ta ƙara Ummi.

A kotu, inda ta je neman takardar rantsuwa, aka ce katin ya yi, saura shaidan da ba dangi ba. Malam Isiyaku, tsohon hedimastan firamarensu, ya shekara biyu bai fita gari ba saboda ciwon ƙafa. Ranar Laraba ya sa aka ɗora shi a motar kasuwa, ya rungumo tsohuwar rajista, ya je ya rantse cewa da hannunsa ya rubuta mata suna Ummi Sale, kuma ya san ubanta.

Sunan Rakiya ya fito. Ta bi su gida gida tana godiya, murna ta hana ta gama magana.

Sai ga takardar gayyata: kowane ɗalibi ya zo karɓar tallafi da mutum ɗaya tak. Ta je wa Saratu, Saratu ta ce ta tafi da Gwaggo. Gwaggo ta ce a kai Malam. Malam ya ce ai wadda ta ji sanarwa ita ce tushe. Rakiya ta koma ta zauna da takarda a hannu, ta rasa wanda za ta bari.

To jama'a, kujera ɗaya ce. Wa ya kamata ya zauna a kanta?