Kurege da Inuwar Kirya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana! Yauwa, ta zo ku ji ta, ku matso.

Kurege ne ya daɗe yana yawon duniya, ran nan sai ga shi ya dawo gida, jaka ba nauyi, baki cike da labari. Ya tarar kasuwa ta koma hayin rafi. Rijiyar unguwa ta ƙafe. 'Yan matan da yake wa fito duk da goyo. Zaki ya tsufa ya bar shari'a, yanzu Kunkuru ne alƙali. Kurege ya leƙa nan ya leƙa can, ya ce ya gama ganin gari. Gonaki kuwa bai je ba, don shi da fartanya ba sa ga maciji.

Yunwa ta fara murɗa shi, sai ga Kura da kwandon gyaɗa.

"Ƙanena, sannu da hanya. Har yanzu bakin nan yana aiki?"

"Yaya Kura, ai shi kaɗai ne bai tsufa ba."

Ashe Kura ta ƙwallafa rai a kan gonar gyaɗar Gwaggo Bushiya, gwauruwa mai marayu, wadda ba ta da komai sai gonar nan. Kura ta kai ƙara wai ita ta shuka, alƙali ya ce ta kawo shaida. Shi ne ta zo sayen bakin Kurege da gyaɗa.

Kurege ya ce, "Gonar da ke gindin kirya? Na san ta kamar yunwar cikina." Ya ci gyaɗa, ya ci gyaɗa, har ya kifa kwando.

Ranar shari'a gari ya taru. Alƙali Kunkuru ya hau kan wani kifaffen turmi, don in bai hau ba ba a ganinsa. Gwaggo Bushiya ta dunƙule a gefe da 'ya'yanta.

Kurege ya miƙe ya shafa gashin baki. "Allah gafarta Malam, na rantse da aradu, a daminar bana ina zaune a inuwar kirya na ga Yaya Kura tana shuka."

"A bana? Ba ka wajen yawo?"

"Na ɗan leƙo gida ne a ɓoye."

"Inuwar da sanyi?"

"Sanyi har barci ya ɗauke ni."

"Ganye fa?"

"Luf-luf, Allah gafarta Malam!"

Sai Biri ya fara tari. Zomo ya juya baya, kafaɗa na rawa. Kunkuru ya ƙwanƙwasa turmin da yake kai.

"Ɗana, ka gaida kiryarka. Ga ta nan, da ita aka sassaƙa turmin da nake zaune a kai. Aradun da ka rantse da ita, ita ta kayar da ita tun kana can. Mai shaidar zur kuwa ka san al'ada, a aske masa wutsiya ƙwal, a zaga da shi kasuwa. Ina wanzami?"

Kurege ya dubi wutsiyarsa, abin da yake taƙama da shi duk duniya. Ya dubi aska. Sai ya bushe da dariya.

"Allah gafarta Malam, wa bai san kirya ta faɗi ba? Da gangan na yi ƙarya mai rami, don wadda ta aiko ni ta faɗa ciki."

Kura ta zabura. "Kai, ɗan banza! Kwandon gyaɗar da na tono a gonar Bushiya na ba ka, don ka tona ni ne?"

Kura ta rufe baki, amma magana zarar bunu ce.

Kunkuru ya ce, "A gonar wa?"

Nan take aka bar wa Gwaggo Bushiya gonarta, aka ce Kura ta cika mata kwando. Gwaggo ta warware, ta ce, "Kurege, Allah ya yi maka albarka, ko da ba ka nufa ba."

Kurege ya fara sulalewa, Kunkuru ya ce, "Dakata. Wutsiya ta tsira, tunda bakinka ya gyara abin da ya ɓata. Amma gyaɗar marayu tana cikinka. Gobe ka ɗauki fartanya, kai da gonar nan har kakar baɗi. Inuwa kuwa ka sani, babu."

Kurege ya ce, "Na ji, na gode." Ya fita, ga Kura a bakin hanya tana wasa haƙori. Ya duba gabas, fartanya. Ya duba yamma, Kura. Ya shige rami ya jawo jakarsa, yana ɗaurewa yana cewa, "Garin nan ya lalace. Ko itace ba ya tsayawa inda ka bar shi."

Shi ya sa har yau in kun ga kurege, sai ya miƙe tsaye ya duba nan ya duba can. Itatuwa yake ƙirgawa.

Kurunkus kan ɗan kurege. Wanda zai rantse a kan inuwa, ya fara zuwa ya ga ko itacen yana nan. Ni dai ina wurin aka yi, a inuwar kiryar nake zaune.