Sunan da Alƙalami Ya Ƙi Rubutawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Ni Mutaru mahauci, da na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar karatu a zauren shehinmu na unguwar Moshi Zango a Kumasi, Allah Ya haskaka makwancinsa, ina ba da shaidar abin da idona ya gani. Shehinmu masanin Allah ne, mai tsentseni da gudun duniya, kogi a fiƙihu da lugga, kuma Allah Ya hore masa sanin asalin sunaye. Shi ya koya mana cewa Brimah Ibrahim ne da bakin Zango ya tauna, Mahama kuwa Muhammadu, Alima ita ce Halima mai haƙuri. Ko 'yan Indiya da Pakistan masu kantuna a kasuwar Adum, in ya ji sunansu sai ya ce Kureshi yana jingina kansa ga Ƙuraishawa ne, Ansari kuma ga mutanen Madina. Mu a lokacin hira muka ɗauki abin.

A ƙarshen 1969 aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Boukari, mijin ƙanwata Mamunatu, a Kumasi aka yanke masa cibiya, amma takarda ɗaya da ya mallaka katin rigakafi ne da aka ba shi a Wagadugu lokacin da ya je ta'aziyyar kakansa, inda aka rubuta sunansa irin na Faransa, da ƙarin harafin "o". Harafi ɗaya ya mai da shi baƙo. Masu kame suka ce in ubangidansa ya shaide shi a rubuce, za su sake shi.

Ubangidan nan Siddiƙi ne, Musulmi ɗan Pakistan mai kantin yadi, wanda Boukari ya yi wa awo shekara goma sha tara. Sai dai shi ma takardarsa tana jiran sabuntawa, tsoro ya kama shi. Da aka kawo masa Boukari, sai ya dubi ƙasa ya ce da guntuwar Hausarsa, "Ban san shi. Lebura ne, yau ya zo, gobe ya tafi."

Mamunatu ta zo zaure ko takalmi babu. "Baba Malam, Masa mai kantin ya ce bai san shi ba. Yara huɗu, ina zan kai su?"

Shehinmu ya ɗauki sandarsa, muka taka har Adum, ranar Litinin ce. Ya yi sallama, ya ce cikin natsuwa, "Siddiƙi, Boukari shi ne Abubakar. Sunan kakan da kake jingina gare shi ke nan, yardar Allah ta tabbata a gare shi. An kira shi Siddiƙu ne ranar da mutane suka ƙaryata abokinsa, shi ya tsaya ya gaskata shi."

Siddiƙi ya ce, "Malam, ni ma baƙo. Ni ma akwai yara."

Shehinmu ya ce, "To. Suna aro ne, mai shi yakan karɓi abinsa." Muka juyo.

Kashegari aka kawo wa Siddiƙi fam ɗin tasa takardar, abin da ya rage kawai ya sa hannu. Ya ɗora alƙalami, hannu ya ƙage. Ya gwada rubuta sunan ɗansa, ya rubutu. Ya rubuta sunayen yadi da Turanci da Urdu, duk suka rubutu, amma da ya zo kan nasa sai yatsu su sandare kamar na mai kuturta. Ya canza alƙalami uku, ya je wurin likita aka ce lafiyarsa ƙalau. Kwana huɗu yana haka, wa'adin fam ɗin yana matsowa, har yaran kantinsa suka fara kallonsa suna ƙus-ƙus.

Ranar Asabar ya shigo zaure yana kuka, ya durƙusa. Shehinmu bai ɗaga kai daga karatu ba, ya ce, "Rubuta gaskiya tukuna." Aka ba shi takarda, ya rubuta cewa Boukari haifaffen Kumasi ne, amintaccensa na shekara goma sha tara. Da ya iso ƙasan takardar, sunan nasa ya zubo daga alƙalami babu gardama. Zaure ya ɗauki kabbara.

Na fizgi takardar na ruga inda ake tsare da su. Mai gadi ya ce lorin su Boukari tun jiya da safe ta yi arewa.

Ba zan ɓoye ba, ni ban yi kabbara ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Siddiƙi ya sami takardarsa, ya ci gaba da ciniki, har ya buɗe kanti na biyu. Mamunatu ta sayar da ɗakinta a kuɗin akuya, ta bi mijinta da yaranta. Cikin 1970 saƙo ya iso cewa autarta Hadijatu ta rasu a boda suna jiran a bar su su ƙetare. Ban sake ganin ƙanwata ba.

Ranar da saƙon ya zo na yi rashin ladabi, Allah Ya yafe mini. Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ya riƙe hannu kwana huɗu, me ya hana shi riƙe lori kwana ɗaya?"

Hawaye suka jiƙa masa gemu. Ya ce, "Mutaru, ni ban riƙe hannun kowa ba, ma'anar sunansa kawai na faɗa masa. Da ya ji tun ranar Litinin, da ba a buƙaci karama ba."

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ba bawanSa wannan matsayi, shi kuma bawan bai ɗauki matsayin a bakin komai ba. Ya Allah, Ka ƙara masa kusanci, Ka ba mu albarkacin iliminsa, Ka jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, kada Ka bar mu sai an ƙage mana hannu kafin mu shaidi ɗan'uwanmu. Amin.