"Ba Ka Gane Muryata Ba?"

Akwai wani matashi a Kazaure mai suna Sharfuddeen, sana'arsa shirya wa 'yan kasuwa takardun haraji. Masu shaguna, masu sarin gyaɗa daga Roni, dillalan hatsi na Gwiwa, duk wurinsa suke zuwa. Su kawo katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki da hoto, su sa hannu, shi kuma ya haɗa komai ya kai inda ya dace, ya karɓo musu shaidar biya.

Gaskiya yaron ya iya aikinsa, ba zan rage masa ba. Sai dai akwai cika baki. Ƙofar ofishinsa ta ƙarfe ce, lambar sirrin kwamfutarsa kuwa ko matarsa ba ta sani ba. In kuka zauna sai ya ce maka, "Ɓarawon intanet ɗin da zai shigo wurina, ko uwarsa ba a haifa ba tukuna."

Maƙwabcinsa Barnabas mai kemis, abokin shan shayinsa, sai ya yi dariya ya ce, "Sharfu, ka dai riƙa haɗawa da in Allah ya yarda."

Cikin masu kawo masa aiki akwai Alhaji Maikasuwa, dattijo mai sarin gyaɗa a Roni, aminin marigayi mahaifinsa. Baba yake ce masa. Irin mutanen nan ne da ake sauke wa kaya a kan magana kawai, ba shaida ba takarda.

Rannan da hantsi sai ga mummunan labari. 'Yan sanda sun tafi da Alhaji Maikasuwa daga rumfarsa, a idon jama'a. Wai an buɗe asusun banki da layin waya da sunansa da hotonsa, ana tallar gyaɗa mai araha a intanet. Mutane daga garuruwa masu nisa suna turo kuɗi, ba gyaɗa ba dalilinta. Jama'a, dattijon da ko saƙon waya sai an karanta masa!

Sharfuddeen ya hau babur ya garzaya ofishin 'yan sanda. Ya tarar da Baba a zaune kan benci, fuskarsa duk ta faɗa.

"Sharfu," in ji dattijon, "ni dai ban taɓa ba kowa katina ba sai kai. Ta ina suka samu?"

"Baba, ko ta ina ne, wallahi ba ta wurina ba ne."

Ɗan sanda mai binciken ya nuna masa abin da ɓarayin suka yi amfani da shi. Ga katin, ga hoton, ga sa hannun. Har da shaidar biyan haraji ta bana, wadda ko Alhajin bai zo ya karɓa ba tukuna. Tana nan a ofishin Sharfuddeen, a kulle.

To fa! A nan ne abin ya tsaya masa a wuya. Ya koma ya duba ƙofa, lafiyarta ƙalau. Ya ɗauko wani masani daga Kano ya bincike kwamfutar ciki da bai, mutumin ya ce ba alamar an taɓa shiga. Abinci ma ya daina yi masa daɗi. Yana zaune yana tambayar kansa, yana tafe yana tambayar kansa: takardar da ba a sace ba, ta yaya ta je hannun ɓarawo?

Barnabas ya same shi ya zabga tagumi, shayi ya huce a gabansa. Ya ja kujera ya zauna.

"To in ba a shigo ba, fita ta yi da ƙafarta? Ba ka taɓa tura wa wani ba?"

"Haba Barnabas! Ba wanda na taɓa tura wa sai mai ita."

"Mai ita? Ba kai ka ce min bai karɓa ba?"

Sai Sharfuddeen ya tuna. Kwanakin baya Baba ya kira shi da sabuwar lamba, ya ce wayarsa ta faɗa ruwa. Ya ce wani kamfani ne zai sayi gyaɗa a hannunsa, ana son takardunsa a yau, a turo ta wannan layin, jikansa zai buga su. Shi kuwa ya ɗauki hotonsu duka ya tura.

"Ba Baba ba ne ke nan," ya faɗa a hankali. Sai kuma ya zabura. "Amma tsaya! Ta yaya ya san sunan Baba? Ta yaya ya san ni ke yi masa aiki? Har muryarsa! Barnabas, waɗannan ba ƙananan ɓarayi ba ne. Irin na'urar nan ce mai kwaikwayon murya."

Kun ji fa, har a wannan hali so yake a ce manya ne suka kayar da shi.

Allah ya sa wayarsa irin mai naɗar kira ce da kanta. Suka lalubo na ranar, suka kasa kunne.

Muryar wani tsoho ce, a dusashe, ga hayaniyar kasuwa a bayanta. "Salamu alaikum, Sharfuddeen ɗan albarka. Ya aiki? Ya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe." Sai ɗan shiru.

"Af! Ba ka gane muryata ba? Yanzu har ka yi girman da za ka manta da mu?"

"A'a, wane ni! Ai Baba Maikasuwa ne. Ya Roni? Ya kasuwar gyaɗa?"

"Yauwa, ɗan kirki."

Barnabas ya ɗaga hannu. "Mayar da shi baya mu sake ji."

Suka sake ji. Barnabas ya dube shi ya ce, "Sharfu, mutumin nan fa bai faɗi sunansa ba."

Bai faɗa ba kuwa. Sunan Sharfuddeen da lambarsa suna nan ɓaro-ɓaro a allon da ke bakin titi, kowa ya wuce zai gani. Sauran duk shi ya bayar da bakinsa: suna, gari, sana'a. Muryar ma da ya natsu ya saurara, ko kusa ba ta yi kama da ta Baba ba.

Ni dai abin ya taɓa ni, don ba shi kaɗai ba ne. Wane ne a cikinmu zai iya ce wa babba "wa ke magana?" A wurinmu wannan rashin tarbiyya ne. Gara ka yi ta "ranka ya daɗe" kana lalube a zuci, har ka cafko wani suna ka jefa. Ɓarawon ya san halinmu sarai, shi ya sa bai wahalar da kansa da kwamfuta ba.

Yanzu sai zaɓi ya rage. In ya ɓoye naɗin, ba mai sanin laifinsa, amma Baba zai ci gaba da zama a hannu. In ya kai, duk garin zai ji cewa mai ƙofar ƙarfe da hannunsa ya miƙa amanar mutane.

Ya ɗauki wayar ya kai wa 'yan sanda. Da naɗin da lambar aka bi sawu, aka tabbatar daga wani gari can daban ake juya asusun, aka sallami Alhaji. Ɓarawon dai ban ji an kama shi ba.

Washegari Sharfuddeen ya je Roni, ya cire takalmi ya durƙusa a zauren Baba. Ya faɗi komai, bai rage ba. Ya ce, "Baba, kunya na ji. Na ga bai dace in tambayi babba ko shi wane ne ba."

Dattijon ya dube shi ya ce:

"Mu muka koya muku kunya, ban musa ba. Amma da ni ne na kira ka ce min wa ke magana, fushina ba zai wuce la'asar ba. Yanzu fa? Waɗanda suka ga an tafi da ni sun fi waɗanda suka ga na dawo yawa."

Sharfuddeen ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba.

"Tashi, na yafe maka, ɗana ne kai," in ji Baba. "Amma gobe ka aiko min da takarduna, ba za su sake kwana a wurinka ba."

Darasi: In an ba ka riƙon bayanan mutane, mutuncinsu aka ba ka. Duk wanda ya kira yana neman kati ko lamba ko takarda, kada ka canka masa suna, bari ya faɗa da bakinsa. Sannan ka kashe, ka kira mai abin a layin da ka sani, ko ka ce ya zo da ƙafarsa. Tambaya ba raini ba ce. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da takardun jama'a, kada kunya ta sake jefa wani dattijo a irin wannan hali.